Ɗan Cirani a Bayan Gida: Yadda Ake Gane Shi

Hausawa sun kasa shekara gida huɗu: damina, kaka, hunturu da bazara. Duk tsawon lokacin da ba a yin ruwan sama, wato daga ƙarshen kaka har zuwa faɗuwar ruwan farko, shi ake kira rani. Idan manomi ya gama girbi ya killace hatsinsa a rumbu, ba shi da sauran aiki a gona. Sai ya ɗauki 'yar jakarsa ya tafi birni neman abin rufin asiri, ya yi dako, ko ga-ruwa, ko gyaran takalma. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya tattara ya koma gida domin sharar gona. Wannan tafiya ita ce cin rani, ko cirani a taƙaice, mai yin ta kuwa shi ne ɗan cirani. Ɗaliban da ke zaune a Legas, ko Inugu, ko Fatakwal sun sha ganin irin waɗannan mutane a unguwanninsu.

Tsuntsaye ma suna cin rani. Kowace shekara miliyoyinsu kan baro ƙasashen Turai da Asiya idan sanyi ya gabato, su ƙetare teku da hamada, su zo Afirka su zauna wata shida ko bakwai. Manya daga cikinsu ba su da wuyar gani. Amma akwai wani ɗan ƙarami wanda kan sauka a bishiyar da ke bayan gida ko a harabar makaranta, ya yi watanni yana kiwo a saman kawunan mutane ba tare da kowa ya lura da shi ba. A littattafan Turanci ana kiransa willow warbler, masana kimiyya kuma suna kiransa Phylloscopus trochilus. Kalmar farko ta wannan suna daga harshen Girka aka samo ta, ma'anarta kuwa mai binciken ganye. A cikin wannan darasi za mu kira shi ɗan cirani, domin sunan ya dace da halinsa.

Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen bindi bai wuce santimita 11 zuwa 12 ba, wato bai kai tsawon biron da kuke rubutu da shi ba. Nauyinsa kimanin giram 9 ne. Ku ɗauki falle biyu na farar takarda irin ta A4 ku ɗora a tafin hannu, abin da kuka ji ya ɗan fi nauyinsa. Ba shi da wani launi mai ɗaukar ido, ba shi da tukku, ba shi da doguwar jela. Saboda haka gane shi yana bukatar tsari, kuma tsarin da za a koya a kansa shi ne zai yi amfani a kan kowane ƙaramin tsuntsu.

A fara da kalanda

Tambayar farko ita ce: wane wata muke ciki? Ɗan cirani yana fara isowa arewacin Nijeriya a watan Satumba, ya bazu zuwa tsakiya da kudu a watan Oktoba da Nuwamba. Yana nan duk tsawon hunturu. A watan Maris da Afrilu sai ya kama hanyar komawa. Wanda ya ga wani ɗan tsuntsu mai kama da shi a watan Yuni ko Yuli, to kusan tabbas wani ne daban, domin a lokacin ɗan cirani yana can ƙasarsu yana renon 'ya'ya. A can yake yin sheƙa, a ƙasa cikin ciyawa, mai rufi da 'yar ƙofa a gefe kamar ƙaramin ɗakin shuci. A nan wurinmu ba ya yin sheƙa, ba ya yin ƙwai. Don haka duk tsuntsun da aka gani ɗauke da ciyawa a baki, ko yana ɗura wa ɗansa abinci, ɗan gida ne, a cire shi daga lissafi.

Yana da kyau a kwatanta shi da shamuwa, wadda kowane Bahaushe ya sani. Ita ma baƙuwa ce, amma a cikin Afirka take kai da komowa. Takan iso ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan manyan bishiyoyin gari, shi ya sa manoma ke ɗaukar zuwanta a matsayin albishir. Idan rani ya shigo sai ta nufi kudancin Afirka. Ke nan lokacin da shamuwa ke sallama, lokacin ne ɗan cirani ke ban kwana.

Inda za a neme shi

Ɗan cirani tsuntsun bishiya ne. Ba safai yake sauka ƙasa ba, ba ya zuwa wurin tsaba, ba ya kula da shinkafa ko gero. Abincinsa ƙananan ƙwari ne da tsutsotsi da gizo-gizo, waɗanda yake tsinta a jikin ganye. Ya fi son bishiyoyi masu ƙananan ganye irin su gawo da bagaruwa. Gawo yana da wani hali na musamman: yana zubar da ganyensa da damina, ya fitar da sabo da rani, lokacin da sauran bishiyoyi suka bushe. Wannan ya sa ya zama masaukin ƙananan tsuntsaye baƙi a arewa. A tsakiyar ƙasa da kudu kuwa, a duba bishiyoyin da ke bakin gona, da shingen makaranta, da mangwaro lokacin da yake fure, domin fure yana tara ƙwari. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, tana da inuwa mai daɗi amma ƙwari ba su cika zama a jikinta ba, saboda haka kada a ɓata lokaci mai yawa a gindinta.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sa'ad da tsuntsaye ke cikin yunwa kuma iska ba ta tashi ba. Mai kallo ya zauna wuri ɗaya, ya ba rana baya, don haske ya faɗa a kan bishiyar. Idan ya fuskanci rana, kowane tsuntsu zai zame masa baƙi. Kada ya yi nuni da hannu, kada ya yi ta zagaya bishiyar. Madubin hangen nesa yana taimakawa ƙwarai, amma ba dole ba ne, domin ɗan cirani ba shi da tsoron mutane sosai. Wanda ya yi minti goma ba motsi yakan ga tsuntsun ya sauko reshen da bai fi taku biyar ko shida daga gare shi ba.

Abin da zai fara jan ido shi ne motsi. Ɗan cirani ba ya zama wuri ɗaya. Yana tsalle daga reshe zuwa reshe, yana leƙa ƙarƙashin ganye, yana miƙa wuya, wani lokaci ya ɗan tsaya cikin iska yana kaɗa fukafukai don ya cafke ƙwaron da ke ƙarshen ganye. Galibi shi kaɗai yake kiwo, ko da yake bishiya ɗaya mai yawan ƙwari tana iya tara biyu ko uku.

Siffa kafin launi

Masu koyo sukan yi gaggawar duba launi. Wannan ba ita ce hanya mafi kyau ba, domin launi yana canzawa da haske, da ƙurar hunturu, da inuwar ganye. Siffa kuwa ba ta canzawa. Ɗan cirani siriri ne, jikinsa a miƙe, bindinsa matsakaici kuma a layi ɗaya da bayansa, ba ya ɗaga shi sama. Bakinsa gajere ne, siriri, miƙaƙƙe kamar tsinken sakace, irin bakin masu cin ƙwari. Bakin masu cin tsaba kamar kanari kauri gare shi. Da wannan kaɗai an riga an ware tsuntsaye da yawa.

Bayan siffa sai a duba fuska. Ɗan cirani yana da gira, wato wani layi mai haske, fari-fari ko rawaya-rawaya, wanda ya taso daga gindin baki ya bi ta saman ido ya wuce shi. A ƙarƙashin girar akwai wani layi mai duhu da ya ratsa ta cikin idon kansa, kamar wanda ya sa kwalli ya ja shi zuwa gefe. Waɗannan layuka biyu su ne ke ba fuskarsa kamanninta, kuma ana iya ganinsu ko da ba madubi.

Sai ƙafa. Ƙafafun ɗan cirani galibi masu haske ne, ruwan ƙasa mai haske ko kalar busasshen kara. An ce galibi domin akan sami wasu masu duhun ƙafa, kuma inuwa tana iya sa mai haske ta yi duhu. A jira har ya fito fili, a sake dubawa sau biyu ko uku.

Alama ta gaba ta fi wuyar gani, amma ta fi sauran tabbas, ita ce tsawon fiffike. Idan tsuntsu ya naɗe fiffikensa, akwai gajeren gashi da ke kwanciya a sama, sannan dogon gashin tashi ya leƙo daga ƙarƙashinsa ya nufi wajen bindi. A jikin ɗan cirani wannan ɓangare da ya leƙo dogo ne mai tsini. Dalilin a fili yake: tsuntsun da zai ƙetare hamada yana bukatar dogon fiffike. Ƙananan tsuntsayenmu na gida, waɗanda tafiyarsu ba ta wuce daga wannan shinge zuwa wancan ba, fukafukansu gajeru ne masu zagaye.

Yanzu sai a zo ga launi. Bayansa kore-kore ne da ya gauraya da ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari, maƙogwaro da ƙirji kuma da ɗan rawaya. Ku lura da yadda Hausa ke maimaita sunan launi don ta rage ƙarfinsa. Kore shi ne launin ɗanyen ganye sosai, kore-kore kuwa abin da ya yi kusa da kore ne amma bai kai ba. Haka fari-fari, da ja-ja, da baƙi-baƙi. Mai kallon ƙananan tsuntsaye zai bukaci waɗannan kalmomi kullum, domin da wuya ya sami launi tsantsa a jikinsu.

Launin ɗan cirani yana kuma canzawa a cikin watannin da yake tare da mu. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a shekarar sukan iso a watan Oktoba cikinsu rawaya sosai, har mutum ya ɗauka wani tsuntsu ne daban da manyan. Zuwa Disamba rana da tafiya sun cinye gashin, ya koɗe, ya zama ruwan toka-toka. Daga nan sai ya zubar da gashinsa duka a hankali ya sake sabo. A nan ya bambanta da yawancin tsuntsaye, waɗanda sau ɗaya suke sake gashin jiki da na fiffike gaba ɗaya a shekara. Shi sau biyu yake yi, sau ɗaya a Turai bayan ya gama reno, sau ɗaya a Afirka kafin ya koma. Saboda haka a watan Maris ne ya fi kyan gani, kuma a lokacin ne ya fi sauƙin ganewa.

Kama da wane ba wane ba ne

Akwai ƙananan tsuntsaye da yawa a bayan gida waɗanda za su iya ruɗa mai koyo, kuma yawancinsu 'yan gida ne da ke nan damina da rani. Mafi yawan ruɗarwa ita ce macen tsuntsun nan mai shan ruwan fure. Namijin yana da ƙyalli kamar an shafa masa mai, ba mai ɗaukarsa a matsayin wani, amma macen kore-kore ce mai rawayan ciki, girmanta kuma kusan ɗaya da na ɗan cirani. A duba bakinta: dogo ne, a lanƙwashe kamar lauje. Wannan ya raba gardama. Akwai wani rawaya sosai mai farin zobe kewaye da ido kamar ya sa tabarau, wanda ke yawo cikin garke yana 'yan ƙananan kuka. Ɗan cirani gira gare shi, ba shi da irin wannan zobe mai faɗi. Akwai wani mai gira kamar tasa, amma bindinsa dogo ne, yana ɗaga shi yana kaɗawa hagu da dama, kuma a cikin ciyawa da ƙananan itatuwa yake zama. Akwai kuma wani mai tokar baya da koren fiffike, wanda ke ɓuya a cikin shinge kusa da ƙasa, ya ɗaga gajeren bindinsa sama, yana kuka kamar ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa. Duk waɗannan, bindi ko baki ko wurin zama ya isa ya fitar da su.

Aikin ya fi wuya idan aka zo ga 'yan'uwansa na jini, waɗanda su ma daga Turai suke zuwa. Guda biyu ne suka fi kama da shi. Na farko shi ne wanda Ingilishi suka laƙaba wa suna daga kukansa, wato cif-caf. Shi ƙafafunsa baƙaƙe ne, girarsa ba ta fito sosai ba, fiffikensa ya fi gajarta, kuma yana da wata ɗabi'a ta buga bindinsa ƙasa a kai a kai yayin da yake kiwo. Ɗan cirani ma yakan motsa bindi jefi-jefi, amma ba ya mai da shi sana'a. Gajartar fiffiken cif-caf tana da nasaba da tafiyarsa, domin ba ya yin nisa sosai. Da yawansu a ƙasashen bakin Bahar Rum suke tsayawa, waɗanda suka ƙetare hamada kuma a bakinta suke zama, kamar yankin Tafkin Chadi da dausayin Haɗeja da Nguru. Don haka ɗalibin da ke Ibadan ko Makurɗi ko Kalaba, idan ya ga ɗayan biyun, ya fi kyautata zaton ɗan cirani ne. Ɗalibin da ke Maiduguri ko Gashuwa shi ne zai ƙara lura.

Na biyu shi ne ɗan'uwansa na kurmi, wanda ya ɗan fi shi girma. Bayansa ya fi kore, girarsa da maƙogwaronsa rawaya ne kamar lemon tsami da ya nuna, cikinsa kuwa fari fat, kuma akwai iyaka a fili tsakanin rawayan da farin. A jikin ɗan cirani launukan biyu sun narke cikin juna ba iyaka. Wannan ɗan'uwa ya fi son dogayen bishiyoyin kudu, amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da yake kan hanyar komawa, ana iya ganinsa a ko'ina.

Kada wanda ya kasa rarrabe waɗannan uku a karon farko ya karaya. Turawan da suke zaune da su tun kaka da kakanni sun daɗe suna ɗaukarsu tsuntsu ɗaya. Wani limamin coci a ƙauyen Selborne na ƙasar Ingila, mai suna Gilbert White, yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa iri uku ne, a littafinsa da ya fito a 1789. Kuma da kunne ya fara rarrabe su.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Murya ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Ɗan cirani yana da kira, yana kuma da waƙa. Kiran gajere ne mai taushi, yana yin sa yayin da yake kiwo, kuma gaɓa biyu ne: hu-it, gaɓar farko ƙasa, ta biyu sama, kamar mai yin tambaya. Na cif-caf gaɓa ɗaya ce, hwit, a dunƙule. Bambancin ƙarami ne, amma ɗaliban da ke jin Yarbanci ko Ibo ko Tibi ko Ibibiyo suna da sa'a a nan. Harsunansu, kamar Hausa, suna rarrabe ma'anar kalmomi ta hawa da saukar murya, saboda haka kunnuwansu sun riga sun saba da irin wannan aiki. Wanda zai iya jin karin sauti a cikin kalma zai iya jin sa a bakin tsuntsu.

Waƙar kuwa ba ta da abokiyar kama. Jerin sautuka ne masu zaƙi da ke farawa a sama a hankali, su ɗan ƙara ƙarfi, sannan su gangaro ƙasa su narke, duka cikin kamar daƙiƙa uku. Sai ya yi shiru kaɗan, ya sake. Asalin waƙar ta ƙasarsu ce, inda namiji ke yin ta don ya kare wurinsa ya kuma jawo mace. Amma yakan yi ta a nan ma, da murya ƙasa-ƙasa, musamman bayan isowarsa da kuma gab da tafiyarsa. Ta cif-caf kuwa maimaita gaɓoɓi biyu ne kawai, cif-caf-cif-cif-caf, kamar maƙeri yana dukan ƙaramin ƙarfe. Wanda ya ji waƙar da ke gangarowa daga cikin mangwaro a safiyar wata ranar Maris ba ya bukatar ya ga ƙafa ko fiffike.

Ka'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kada a yanke hukunci da alama ɗaya. Gira kaɗai ba ta isa ba, ƙafa kaɗai ba ta isa ba. Sai lokaci ya dace, siffa ta dace, sannan alamomi biyu ko uku sun haɗu. Idan ba su haɗu ba, babu laifi mutum ya rubuta cewa ya ga ɗan cirani ko ɗan'uwansa, ya bar maganar a haka zuwa gobe. A ganina wannan ya fi daraja a kan a cika littafi da sunayen da ba a tabbatar ba.

Abin da bishiyar bayan gida ke yi masa

'Yan ciranin da ke zuwa Afirka ta Yamma galibi daga yammacin Turai suke, kamar Birtaniya da Jamus da kudancin Suwidin. Tsakanin Landan da Legas akwai kimanin kilomita 5,000. Waɗanda ke fitowa daga gabashin Sibiriya kuwa suna yin fiye da kilomita 12,000 kafin su kai gabashi da kudancin Afirka. Da dare suke tafiya, suna kama hanya da taurari da kuma maganaɗisun ƙasa. Abin mamaki shi ne ɗan da aka ƙyanƙyashe a watan Yuni shi kaɗai yake yin tafiyarsa ta farko, ba uwa ba uba, ba wanda ya taɓa nuna masa hanya.

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da sanyi ba, har wasu suna cewa tsattsewa a cikin taɓon tafki take kwana sai bazara. A 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyansa. Har yanzu yana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, don a gane su idan aka sake kama su a wani wuri. Da wannan dabara aka gano yawancin hanyoyin da muka sani yau. A Nijeriya ana yin wannan aiki a Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Duk wanda ya tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, ya kwafe lambar da adireshin da ke jiki, da rana da wurin da ya same shi, ya kai wa malaminsa don a sanar da masu binciken.

Wuri mafi haɗari a tafiyar shi ne hamadar Sahara, wadda faɗinta daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, ba abinci, ba ruwan kirki. Guzurin tsuntsu kitse ne. Makonni kaɗan kafin ya tashi sai ya dage da ci daga safe har yamma, yana tara kitse a ƙarƙashin fatarsa, wanda zai ƙone a hanya kamar yadda mota ke ƙona fetur. Wasu danginsa sukan kusan ninka nauyinsu. A ƙarshen shekarun 1960 masu bincike sun auna irin waɗannan tsuntsaye a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, suka ga yadda suke yin ƙiba da ƙananan ƙwarin tafki da 'ya'yan itace kafin su faɗa hamada. Wanda bai tara isasshen kitse ba a cikin rairayi zai ƙare.

An taɓa ganin abin da ke faruwa idan guzurin ya yanke. A 1968 ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai a yankin Sahel, wanda ya haɗa da kudancin Nijar da ƙuryar arewacin Nijeriya. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka tarar wani dangin ɗan cirani, mai farin maƙogwaro, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya tak. Farin da ya kashe shanu da amfanin gona a nan shi ne ya sa shingayen gonakin Ingila suka yi tsit. Sare gawo, da ƙona daji, da yi wa bishiyar gida feshin maganin ƙwari ba gaira ba dalili, duk suna rage wannan guzuri. Haka kuma yaron da ya harbo ɗan cirani da danƙo a watan Maris bai sami naman da zai cika cokali ba.

Abin da za a rubuta

Kowane ɗalibi ya ware 'yan shafuka a bayan littafinsa. Duk ranar da ya fita kallo ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da sunan bishiyar, da yanayin gari, ko akwai hazo ko babu. Sannan ya rubuta abin da idonsa ya gani da Hausa, cikin gajerun jimloli, tun kafin ya buɗe wani littafin hotuna: baki siriri, gira rawaya-rawaya, ƙafa mai haske, bai buga bindi ba, ya yi kira mai gaɓa biyu. Idan ya fara duba hoto, zuciyarsa za ta nuna masa abin da ke cikin hoton, ta mantar da shi abin da ke kan bishiya. Zane ma yana da amfani ko da bai yi kyau ba: ƙwai ɗaya babba domin jiki, ƙarami domin kai, sai a ja layuka a rubuta alamomin a gefe.

Ranaku biyu ne suka fi muhimmanci a cikin wannan rubutu, ranar da aka fara ganinsa da ranar da aka yi masa ganin ƙarshe. Ta farko tana da sauƙi. Ta biyu ba a saninta sai ta wuce, domin ɗan cirani da dare yake tashi. Saboda haka daga tsakiyar Maris a riƙa duba bishiyar kowace safiya ana rubutawa, har da ranakun da ba a gan shi ba. Idan aka yi mako biyu a jere ba a gan shi ba, ba a kuma ji kiransa ba, sai a koma baya a ja layi a ƙarƙashin ranar ƙarshe da sunansa ya fito. Ajin da ya ajiye waɗannan ranaku ya miƙa wa ajin da ke biye da shi, domin su kwatanta da nasu idan Oktoba ta zagayo.